Insha'in WASSCE a kan gwada kai da wasu: me ya sa malami ya ce wa'azi na yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sakandare, a Aboabo nake cikin Kumasi, bana zan rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. A jarrabawar gwaji an ce mu rubuta maƙala don bugawa a jarida, a kan yadda gwada kai da wasu yake hana matasa wadatar zuci. Na cika shafi biyu, na kawo hadisi da karin magana, amma 22 na samu cikin 50, malaminmu ya rubuta a ƙasa cewa wa'azi na yi. Ƙawata da muke benci ɗaya ta samu 36, Turancinta manya-manya ne. Tun ranar in na ɗauki biro sai in ji ba zan iya ba. Ina kuskurena yake, kuma yaya ake rubuta irin wannan?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sakamakon da zai faranta ran iyayenki. Tambayarki biyu ce a haɗe: me ya sa takardar da kika cika da gaskiya zalla ta kasa kai rabin maki, sannan yaya za ki koma ki riƙe biro bayan idonki ya ga 36 a takardar wadda ke gefenki. Na fi shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare a nan Kumasi, kuma wannan take yana cikin waɗanda suka fi kayar da yaranmu na Zango, wato unguwanninmu na masu jin Hausa. Dalili kuwa shi ne sun san maganar sosai. Tun muna makarantar allo muke jin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, hassada ga mai rabo taki ce. Da yaro ya ga taken sai ya ji faɗuwa ta zo daidai da zama, ya juye duk abin da ya haddace a kan takarda, ya tashi yana ganin ya gama.

Inda makin yake

Bari mu fara da lissafi, don ki san abin da ake aunawa. A takarda ta biyu ta Turanci, WAEC tana ba da tambayoyin insha'i biyar ki zaɓi ɗaya, ki rubuta kalmomin da ba su gaza 450 ba, kuma ana shawartarki ki ba ta kamar minti 50. Makin 50 ɗin kashi huɗu ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsarin da kika jera shi, 20 na yadda kika sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da harrufan kalma da alamomin tsayawa. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, ke nan kurakurai ashirin sun share goman nan kakaf. Shi ya sa cika shafi biyu ba ya nufin komai a karan kansa. Wani lokacin ma tsawon ne yake ƙara wa ɗalibi yawan kurakurai. Kin kuma san jami'o'inmu, ko KNUST ce ko Legon ko Cape Coast, sai da aƙalla C6, wato kiredit mafi ƙasa, a Turanci suke duban takardar mutum, don haka wannan minti hamsin ɗin ba abin wasa ba ne.

Ban ga takardarki ba, saboda haka ba zan iya nuna miki layin da ya ci makinki ba. Amma kalmar da malaminki ya rubuta na rubuta irinta a ƙasan takardu masu yawa, na san abin da take nufi. Mai wa'azi yana gaya wa jama'a abin da ya kamata su yi, su kuma sun riga sun yarda kafin ya buɗe baki. Mai maƙala yana da mai karatu wanda bai yarda ba tukuna, yana tambaya: me ya sa, ta yaya, ina shaidarki? Ki ɗauko takardarki ki bi ta jimla-jimla, ki tambayi kanki ko akwai mai hankalin da zai iya cewa "ban yarda ba" ga wannan jimlar. "Ya kamata matasa su gode wa Allah." Ba mai musu. "Hassada ba ta da kyau." Ba mai musu. In duk jimlolinki haka suke, to abu ɗaya kika faɗa sau goma da kaya daban-daban, mai duba takarda kuma zai ƙirga shi hujja ɗaya.

Abin da za ki sani kafin ki rubuta

Maganin wa'azi shi ne ki san yadda abin yake aiki a cikin mutum. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum yana da buƙatar sanin matsayinsa, kuma in babu ma'aunin da zai gwada kansa da shi kai tsaye, sai ya auna kansa da mutane, musamman waɗanda suka yi kama da shi. Ki lura da wannan na ƙarshen, don nan hujjarki ta farko take. Ɗan Aboabo ba ya rasa barci saboda dukiyar Ɗangote. Wanda ke hana shi barci shi ne abokin da suka sha ataya tare bara, bana ya dawo daga Turai ana kiransa boga, da mota da sabuwar waya. Ke ma ba wadda ta fi kowa maki a Ghana ce ta dame ki ba, ta kan bencinki ce.

Abu na biyu, jin daɗin mutum ya fi bin wanda yake kallo fiye da abin da ke hannunsa. A 1995 wasu masana uku, Medvec da Madey da Gilovich, sun nazarci fuskokin 'yan wasan da suka ci lambobi a gasar Olamfik ta Basalona ta 1992, suka ga waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu fara'a. Mai azurfa yana hangen zinaren da ya kuɓuce masa, mai tagulla yana duban waɗanda suka koma gida hannu rabbana. Na sha ganin wannan da idona ranar fitowar sakamako. Akwai shekarar da wani yarona ya shigo da gudu da waya a hannu, agiriget 12, wato jimillar sakamakon da ƙanƙantarta ce kyawunta, yana dariya har da ƙwalla, yana cewa Malam a sa mini albarka. Muna nan tsaye wani ya leƙo ya ce ai ɗan gidan da ke bayan masallaci 8 ya samu. Wallahi ina kallon fuskar yaron nan ta sauka kamar an zare wuta. Sha biyunsa tana nan yadda take, ba a rage mata komai ba, amma ya mayar da wayar aljihu ya yi shiru.

Akwai kuma abin da Herbert Marsh da abokin aikinsa suka nuna tun 1984: ɗalibai biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin makarantar zaƙaƙurai ya fi raina ƙwaƙwalwarsa fiye da wanda ke makarantar da ba ta kai ta ba. Mun san wannan a gida. Yaron da yake na ɗaya a ƙaramar sakandaren unguwa, in BECE, jarrabawar kammala ta, ta kai shi fitacciyar makaranta irin Prempeh ko Opoku Ware, zangon farko sai ya tsinci kansa a tsakiyar aji, ya fara cewa shi daƙiƙi ne, alhali ƙwaƙwalwar da ya je da ita ce dai.

Sai waya. Da can mutum da 'yan layinsu yake gwada kansa, kuma yana ganin ranar da suka ci nama da ranar da suka sha gari. Yanzu a TikTok da Instagram da sitatus ɗin WhatsApp ranar Sallar kowa kaɗai ake nuna miki. Ba mai ɗora hoton bashin da aka ci aka ɗinka leshin. A 2018 an yi gwaji da ɗalibai 143 a Jami'ar Pennsylvania, aka taƙaita wa wasunsu shiga waɗannan kafafe zuwa kamar minti 30 a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu a wurinsu. Ɗaliban Amurka ne, kuma ba su da yawa, don haka in kin kawo shi ki kawo shi a matsayin alama, kada ki ce ya tabbatar da komai a kan matasan Ghana. In kuma a zauren jarrabawa suna ko shekara ta shige miki, ki faɗi abin da aka gano ki wuce. Kada ki ƙirƙiro lamba.

Hadisin naki fa?

Ina zaton hadisin da kika kawo shi ne na Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama da mu, don hakan ya fi sa mu ƙi raina ni'imar Allah. Kawo shi ba laifi ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye shi a tafi, kamar shi zai yi wa mutum aikin. Ki tsaya ki karanta shi da kyau: bai ce kada ki dubi kowa ba. Ya san za ki duba, sai ya nuna miki inda za ki juya ido. Malamai kuma sun bayyana cewa wannan a sha'anin duniya ne, dukiya da sura da makamantansu. A fagen ilimi da aikin alheri wani hadisin, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya halatta mutum ya yi burin irin abin da aka ba mutum biyu: mai dukiyar da yake ciyar da ita a hanyar gaskiya, da mai ilimin da yake aiki da shi yana koyarwa. Wannan shi ake kira gibɗa, wato ki so irin abin da wani ya samu ba tare da kin so ya rasa nasa ba. Hassada kuwa ita ce son ni'imar ta gushe daga hannunsa.

To a nan maƙalarki take, kuma nan ne nake so ki daɗe. Taken ya ce gwada kai da wasu yana hana wadatar zuci. Ɗalibin da zai samu maki mai kyau shi ne wanda zai ce: gaskiya ne, amma ba kowane gwadawa ba. Wanda ya auna abin hannunsa da na wani kullum zai ga nasa kaɗan ne, don ba a rasa wanda ya fi ka. Wanda ya auna ƙoƙarinsa da na wani, shi hanya yake koya. Wadatar zuci a kan rabo take, ba ta shafi ƙoƙari ba. Dole ki faɗi wannan a fili, domin a unguwanninmu akwai masu fakewa da ƙana'a su kwanta. Yaro ya faɗi lissafi ya ce haka Allah ya so, ya ƙi zuwa ya sake rubutawa a Nov-Dec, jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wai shi ya wadatu. Wannan kasala ce aka sa wa rawani. Maƙalar da ta raba waɗannan biyun ta faɗi abin da za a iya musu a kansa, kuma ta kare shi. Wannan ne mai duba takarda yake nema.

Ki kuma tuna ba ki san wanda takardarki za ta faɗa hannunsa ba, Musulmi ne ko Kirista, ɗan Tamale ne ko ɗan Takoradi. Hadisi ɗaya da kika fassara ma'anarsa kika ɗaure shi da hujja zai karɓu wurin kowa, don su ma Kiristoci suna da haramcin ƙyashin abin maƙwabci a cikin dokoki goma. Nassi biyar a jere ba bayani shi ke mayar da takarda mumbari.

Mafi kyawun insha'in da na taɓa dubawa a kan irin wannan take, wata yarinya ce ta rubuta shi, mahaifiyarta mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ba ta fara da ma'anar kalma ba. Ta fara da uwarta da hantsi, ta zauna a kujerar tsugunno ta juye kuɗin cinikin a kan zane, tana warware takardun sidi da suka sha mai, tana jera sulalla, ta ƙirga ta ce alhamdulillahi, ko da cinikin bai kai na jiya ba. Sannan ta ce akwai wata mai kokon a tsallaken titi wadda layinta ya fi tsawo. Uwar ba ta taɓa zaginta ba, ba ta ce asiri ne ba. Sai ta yi kwana uku tana lura, ta gano waccan tana rufe ƙosanta cikin akwatin gilashi, ƙura da ƙuda ba sa taɓawa, ma'aikata masu saurin kama tiroto, motar haya, kuma sun fi son haka. Ta yi adashi ta sayi nata akwatin. Daga wannan hoto ɗaya yarinyar ta ciro duk hujjarta: uwarta ta wadatu da abin da ta ƙirga a zane, amma ba ta wadatu da yadda take aikin ba. Turancinta sauƙaƙƙe ne, ba kalmar da za ki buɗe ƙamus dominta. Na ba ta maki fiye da kowa a ajin.

Ke ma kina da irin wannan a gidanku ko a layinku. Nemo shi.

Yadda za ki jera ta

Tunda maƙalar jarida aka ce, ki sa take a sama da sunanki a matsayin marubuciya, kada ki sa adireshi da gaisuwar wasiƙa. Sakin layi na farko ki buɗe da abin da ido ya gani, cikin jimla uku ko huɗu, ki rufe shi da matsayarki. Na biyu ki bayyana me ya sa mutum yake gwada kansa da na kusa da shi, da yadda waya ta faɗaɗa abin. Na uku ki nuna ɓarnar da sunanta: bashin biki da na kayan Sallah, yaron da ya bar aji ya bi damfarar intanet don sa'ansa ya sayi mota, wanda ya kama hanyar sahara zuwa Libiya saboda hoton da wani ya turo. Na huɗu shi ne na "amma", inda za ki kawo gwadawa mai amfani ki raba ta da mai cutarwa. Na biyar ki ce me za a yi, kuma wa zai yi: iyaye su daina "dubi ɗan wane", makaranta ta riƙa nuna wa ɗalibi ci gabansa daga zango zuwa zango, matashi ya rage abin da yake kallo. Kowane sakin layi hujja ɗaya, bayaninta, misalinta.

Taken zai iya zuwa da wata riga. In muhawara ce, sai ki gai da shugaban zama da alƙalai da sauran jama'a, ki ɗauki ɓangare ɗaya ki tsaya a kai, "amma" ɗin nan ya zama amsa ga abokan hamayya. In labari aka ce ki rubuta wanda zai fito da ma'anar wata magana, to labarin ne zai yi aikin, kada ki tsaya tsakiya kina nasiha. Ba zan ce miki wannan take zai fito bana ba, kuma duk wanda ya ce miki ya san abin da zai fito ki yi nesa da shi.

A shekaruna na farko na yi wani kuskure da har yau nake nadamarsa: na rubuta wa ɗalibai gabatarwa mai daɗi na ce su haddace. Ranar jarrabawar gwaji sai ga takardu talatin da baki ɗaya, wasu ma an liƙa gabatarwar a kan taken da ba ta shafa ba. Daga sakin layi na biyu Turancin yake rushewa, kowa ya ga inda nawa ya ƙare nasu ya fara. Tun lokacin na daina.

Turancin ƙawarki

Kin ce nata manya-manya ne. Ina shakkar cewa manyan kalmomin ne suka ba ta 36. Makin harshe na wanda ya sa kalmar da ta dace a inda ta dace ne, ya kuma iya cakuɗa gajeriyar jimla da doguwa. Babbar kalmar da aka sa a gurbin da ba nata ba asara ce. Ki roƙe ta ta ba ki takardarta, ki karanta ta yadda mai kokon nan ta kalli tsallaken titi: sakin layi nawa ta yi, da me ta buɗe, misali nawa ta kawo, jan biro nawa ne a shafinta, nawa ne a naki. Ina kyautata zaton a nan za ki ga maki sha huɗun da ke tsakaninku.

Akwai kurakuran da suka zama namu na 'yan Zango. Hausarmu ta nan ba ta cika raba namiji da mace ba, "ya zo" muke cewa ko Amina ce ta zo, Tuwi ma kalma ɗaya take da ita ga shi da ita. Sai wannan ya bi mu cikin Turanci, a kira uwa da lamirin namiji a layi ɗaya, a layi na gaba a mayar da ita mace. Haka nan fara labari da shuɗaɗɗen lokaci a tsallaka zuwa na yanzu ba dalili, da shigo da Turancin buroka na bakin titi, da gajarce kalmomi irin na hira a waya. Karin maganarmu kuma kada ki juya ta kalma da kalma. In kin rubuta cewa wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa, mai dubawa zai tsaya yana neman abin da ya haɗa rawa da turmi. Ki faɗi ma'anar da sauƙin Turanci, ko ki ce Hausawa suna da wata magana, ki kawo ta, ki bayyana ta a jimla ɗaya.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina. Sau biyu a mako ki sa agogo minti 50: biyar na farko ki tsara hujjojinki a gefen takarda, da Hausa ma in kin so, minti 35 zuwa 38 ki rubuta, sauran ki bi ki gyara. Ki ƙirga kalmomin da kike sawa a layi ɗaya tun yanzu, in tara ne kin san layi hamsin ya kai ki 450, ba sai kin ɓata lokaci kina ƙirga a zaure ba. Ki ware littafi guda na kurakuranki, duk wanda aka ja wa jan biro ki rubuta shi da gyaransa, ki duba shi kafin kowane sabon rubutu. Wannan taken da kika samu 22 a kansa ki sake rubuta shi cikin makon nan, ki kai wa malaminki tare da tsohuwar takardar, ki roƙe shi ya raba miki makin kashi huɗun nan don ki ga wanne ne ya motsa.

Maganar da kika yi cewa in kin ɗauki biro sai ki ji ba za ki iya ba, ban ɗauke ta da wasa ba. In tsoron takarda ne kawai, rubutu biyu ko uku da aka duba miki za su kore shi. Amma in abin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci, ko kina yawan kuka ke kaɗai, wannan ya wuce abin da malamin Turanci zai warware daga nesa. Ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita, ki kuma je wurin malamin ba da shawara na makarantarku tun jarrabawar ba ta matso ba.